Tawadar Allah

A shagona na Gujungu, bayan rumfar 'yan riɗi,
inda nake ɗaukar hoton fasfo ran kasuwa,
na kafa sabon allon kwamfuta
na kuɗin tunkiya biyu da bashin ƙanina.
Na ɓare ledarsa sannu-sannu
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.

Kwana tara yana haske, ba laifi.
Ran na goma ɗigo ya fito,
baƙi, bai kai ƙwayar gero ba,
dama da tsakiya kaɗan,
daidai inda kuncin mutum yake sauka.

Na ce kashin ƙuda ne.
Na huce shi da baki, na murza da hannun riga,
na sa farce. Yana nan.

Gwaggo Tasalla ta zo hoton katin taki,
ta leƙo ta saman kafaɗata:
"Ɗan nan, shekara saba'in ina duba madubi,
yaushe na yi tawadar Allah a nan?"
Na kama linzami ina goge mata kunci,
na goge, na goge,
har na share tsagar gidan ubanta,
ɗigon bai ko girgiza ba.
Da na ja hoton gefe, ita ta matsa, shi ya tsaya.
Na mayar mata da tsagarta, na ba ta haƙuri.

Kafin wata ya mutu sun zama uku,
na ukun kore ne, ba ya barci ko allo ya yi duhu.

Na naɗe shi a bargo, na hau motar Ɗan'azumi,
na biya kuɗin mutum biyu,
na rungume shi har Kano
kamar mai kai yaro asibiti.
A Titin Bairut, Sagiru ya karɓi rasit,
ya juya shi, ya ɗaga shi sama,
ya mai da allon fari fat, ya mai da shi baƙi ƙirin,
ya sunkuya yana ƙirga da tsinken sakace:
"Ɗaya. Biyu. Uku.
Malam, kamfani sai biyar yake karɓa.
Uku ba ciwo ba ne, hali ne."
Na ce a fuskar mutane suke zama.
Ya ce a takardar garanti babu fuska.

Saura kwana ashirin da shida.

Tun da nake ban taɓa roƙon kayana ya lalace ba.
Ga ni kullum bayan asuba,
kafin hasken sola ya yi ƙarfi,
hanci a jikin gilashi
ina laluben ɗigo kamar mai duban wata.
Na huɗu ya zo ran Talata, na yi hamdala.
Mudassiru yarona ya ce mu taimaka da allura.
Na ce a'a.
Amma na daɗe ina kallon allurar.

Na biyar ya zo da kansa, saura kwana biyu,
can ƙasa a kusurwa, yana jin kunya.

Sagiru ya ƙirga sau uku, ya yi tsaki,
ya sauko da wani kwalin.
"Irinsa ya ƙare, wannan ƙaninsa ne."

Ƙanin ba shi da ɗigo, gaskiya.
Sai dai in ka zauna a benci ka kallo shi ta gefe,
shuɗin rawani ya koma toka,
baƙin mutum ya yi fari kamar ya kwana a injin niƙa,
sai na ce, "Taso, Baba, tsaya ta bayana,
daga nan ne kake kama da kanka."

Ni kuwa hannuna bai ji labarin canjin ba.
Duk fuskar da ta hau allo
sai ya ɗan ja ta hagu,
yana kauce wa abin da ke can Kano cikin kwali.